Taku Ashirin da Uku

Asabar, 4 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Baba ba ya yi mini magana. Yau kwana biyu. Na rubuta a nan ne don in ga yadda abin yake a rubuce, kuma bai fi kyau ba.

Jiya aka kwantar da shi, ɗaki na huɗu, gadon bakin taga. Likitar ƙashi, wata siririyar mata mai magana kamar tana karanta jerin cefane, ta ce hanyar da lakar bayansa take bi ta matse, shi ya sa in ya yi taku goma ƙafafunsa suke mutuwa. Ta ce masu irin halittarsa da yawa suna gamuwa da wannan in shekaru sun ja. Masu irin halittarsa. Shekara arba'in da bakwai ina sauraron yadda mutane suke kewaye kalmar wada a gabana, kowa da tasa dabarar. Tata ba ta fi ta sauran muni ba.

Za a yi masa tiyata ranar Talata, 21 ga wata. Ta ja ni gefe ta ce ba yankan ne yake damunta ba, barcin ne. Wuyansa gajere, maƙogwaronsa matsattse, sa masa bututun numfashi ba ƙaramin aiki ba ne, ga shekara saba'in da ɗaya. Ta ce in akwai abin da iyali suke so su faɗa wa juna, kada su jira. Na yi mata godiya. Ban gaya mata cewa mutumin da take magana a kansa yana ganin shigowata ya ja bargo ya rufe fuska ba.

Saura kwana goma sha bakwai.

Asabar, ƙarfe 5:15 na yamma

Na kai lemo. Gwaggo, ƙanwarsa, ita ke jinya. A bakin ƙofa ta karɓa, ta ce, "An gode, Shugaba. A sauka lafiya." Tun ranar Alhamis ba ta kira ni da wani suna ba sai wannan. Matar da ta yi mini wanka har na shiga aji uku.

Daga inda nake tsaye ina jin muryarsa yana ba nas-nas dariya. Wata ta roƙe shi ya yi mata tafiyar Ɗan Buhu, ya ce ƙafafun sun tafi hutu, amma zai yi mata da gira. Ya kuwa yi, don na ji yadda ɗakin ya kaure. Ɗan Buhu shi ne sunan da duniya ta san shi da shi, tun fim ɗinsa na farko, inda aka kai shi gidan biki cikin buhu a matsayin gudummawa. Kafin nan mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburinsa a bakin titi, kuma babu wanda ya taɓa tsayar da mu a hanya. Shekarata tara da fim ɗin ya fito. Wata yarinya a ajinmu ta tambaye ni ko a buhun yake kwana, na fasa mata leɓe. Ina jin shi ne karo na ƙarshe da na kare shi da zuciya ɗaya.

Litinin, 6 ga wata, ƙarfe 7:05 na safe, a ofis

Na ƙirga. Daga rumfar taro zuwa ƙofar ofishin nan taku ashirin da uku ne. Nawa takun.

Litinin, ƙarfe 2:30 na rana

Malamai suna gaishe ni da ladabin da ya wuce ƙa'ida, irin wanda ake yi wa mai takaba. Mataimakina ya shigo riƙe da waya, yana ta gyaran murya. Ya ce ya ga ya kamata in sani: ɗaya daga cikin iyayen yara ta ɗauki bidiyo, yanzu yana ta yawo, har an sa masa kiɗa. Daƙiƙa goma sha tara. Don ya kwantar mini da hankali ya ƙara da cewa yawancin mutane sun ɗauka wasa ne muka tsara ni da Baba don taron, kuma suna ta yabawa, wai ba a san shugaba tana da raha haka ba.

Na ce ya ja mini ƙofa in zai fita. Ban kalla ba. Ina wurin, me zan kalla?

Talata, 7 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Zan rubuta shi kamar rahoto, tunda shi na iya.

Alhamis ce ranar ba da kyaututtuka, ta farko tun da aka ba ni shugabancin makarantar. Wata uku ina shiri. Manyan baƙi daga ma'aikata a layin gaba, 'yan mata ɗari shida a bayansu, iyaye a gefe. Ban gayyaci Baba ba. Ban hana shi zuwa ba, ban dai gaya masa ranar ba. A makarantar nan babu wanda ya san 'yar wa ce ni. Ban taɓa yin ƙarya a kai ba, ba a dai tambaye ni ba, ni kuma na iya tsara magana yadda ba za a tambaya ba.

Ina shafi na biyu na jawabina tasi ta sauke shi a bakin fili. Ya sa rigarsa mai ruwan toka ta zuwa ɗaurin aure. Wata daga baya ta ƙwalla sunansa na fim, sai kujeru suka fara faɗuwa. Yara ɗari shida suka juya mini ƙeya. Shi kuma da yake ba ya iya ganin taro ya wuce bai gaishe shi ba, ya ɗaga hannu ya karkata hula.

Na sauko na ce, Baba mu je ofis. Ya ce to, Uwata. Ya yi taku biyar ya tsaya ya dafa kujera. Na ɗauka wasan yake ci gaba da yi. Ban san daga asibiti yake ba, da takardar likita a aljihu, ya kawo wa 'yarsa mai ilimi ta bayyana masa abin da ke ciki. Na sake cewa mu je. Ya ce in ba shi minti ɗaya. Baƙi suna kallo. Wata mata daga ma'aikata ta sa gefen mayafi ta rufe baki.

Daga nan zuwa ofis taku ashirin da uku ne, kuma shi bai taka ko ɗaya ba.

Na koma na ƙarasa jawabina. An tafa.

Laraba, 8 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

Gwaggo ta fito shanya tawul ta tarar da ni a bencin baranda. Na ce mata so nake kawai a bar ni in yi masa bayani. Ta ce in yi mata ita tukuna, ta ji ko zai shigu. Na fara zancen turereniya, da yadda yara za su iya tattake shi, da cewa gaggawa ce. Ta bar ni na kai aya.

"Kin zura hannu a hammatar ubanki kin ɗaga shi sama kamar yaron da ya ɓata wando," ta ce. "Ƙafafunsa suna reto, hularsa a ƙasa, mutum dubu suna kallo. Faɗi haka. Ke ba malamar adabi ba ce?"

Na ce ai shekara talatin da takwas ana ɗaukarsa a fim, ana jefa shi a randa, ana rataye shi a ƙusa, ban ji ya yi fushi da kowa ba. Ta ce waɗannan ba shi ya haife su ba. Ta ce ko uwarsu ta daina ɗaukarsa tun yana ɗan shekara huɗu, don ya gantsara mata cizo a kafaɗa, kuma da tabon aka binne ta.

Sai ta tambayi abin da na faɗa masa a cikin ofis kafin in rufe ƙofa, don ta yi ta yi ya ƙi gaya mata. Ni ma ban gaya mata ba. Nan ma ba zan rubuta ba. Ba shi da tsawo.

Alhamis, 9 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

Mako ɗaya. Hularsa tana cikin aljihun teburina, a ƙarƙashin rajista.

Juma'a, 10 ga wata, ƙarfe 3:45 na yamma

Daraktan nan mai tumbi, wanda ya yi fiye da rabin fina-finan Baba, ya kira ni. Na ɗauka jikin Baba zai tambaya. Ya tambaya, cikin daƙiƙa huɗu. Sai ya ce ya ga bidiyon nan sau goma, bai taɓa ganin ɗauka mai kyau irinta ba, fuskata a ɗaure tamau, ko ƙwararriya sai haka. Wai in Allah ya tashi kafaɗar Ɗan Buhu, zai so in fito ko da na minti biyu ne, uba da 'ya, jama'a za su so.

Na gaya masa abin da nake ajiye masa tun ina budurwa. Na ce shi da ire-irensa ba su taɓa rubuta labari ba, sun dai samu gajeren mutum sun yi ta neman abin da za su cusa shi a ciki. Na ce in aka cire buhu da randa da akwati daga kansa babu abin da zai rage sai hula. Na ce ya tsufa yana sayar da mutuncin wani. Na daɗe ina yi, kuma jimlolin sun fito da kyau. Da na gama ya ce, cikin sanyin murya, to Malama, a gaida mai jiki.

Na ji daɗi na kusan minti goma.

Asabar, 11 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe, gidan Baba

Gwaggo ta aike ni ɗauko masa kaya, aikin farko da ta yarda ta ba ni. Na manta yadda gidan nan yake sa ni sunkuyo. Makunnin fitila a daidai ƙuguna. Madubi yana nuna mini cikina. Wurin wanke hannu sai na durƙusa. Shi ya tsara komai da kansa, ya tsaya a kan magina har suka yi yadda yake so, ya ce ya gaji da zama baƙo a duniya, a gidansa kowa ya zama baƙonsa. Marigayiya Inna ta yi shekara ashirin tana girki a zaune, tana cewa ita ta fi kowace mace hutu.

Faya-fayan fina-finansa suna jere a kan kanta, kowanne da lamba da shekara, da rubutunsa ƙanana na mai gyaran agogo. Sittin da ɗaya. Na kwashe su duka na zuba a mota. Ina so in tara hujja. Ban san a gaban wa zan kai ƙarar ba.

Lahadi, 12 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Kwana biyu ina kallo, ina tsallake waƙoƙi da duk inda ba ya ciki. Maigidana ya leƙo sau biyu, ya ga fuskata, ya koma.

Cikin buhu: sau goma sha huɗu. Cikin kayan 'yan makaranta, da gemunsa: tara. A randa, a akwati, a kwandon kaji, a bayan tsohuwa an goye shi da zani. Ya fito a aljani sau bakwai. Ya fito a uba sau ɗaya, kuma abin dariyar shi ne ɗan ya fi shi tsawo. A kusan kowanne Kawu Dogo, abokin wasansa, yana saɓa shi a kafaɗa ya ruga a guje.

Shekara goma da suka wuce na rubuta maƙala a wata mujalla, da sunan aro, a kan yadda fina-finan nan suke wulaƙanta gajerun mutane. Shafi shida. An yabe ta. Yau na ga ban faɗi rabin abin ba.

Amma akwai wani wuri a na talatin da biyu. Ya fito a mai gadi, an kore shi daga aiki, ya kamata ya yi ta birgima yana ihu. Bai yi ba. Ya tsaya yana naɗe tabarmarsa a hankali, ya daidaita bakinta, ya sake warwarewa ya naɗe don ba ta yi daidai ba. Kusan minti ɗaya babu magana. Na karanta littattafai masu kauri a kan talauci da ba su kai tabarmar nan ba. Sai Kawu Dogo ya shigo ya saɓe shi, aka sa kiɗa.

Na mayar baya na kalla sau biyar. Shekararsa ashirin da fitowa. Ban taɓa gani ba, don ban taɓa kallon ko ɗaya har ƙarshe ba.

Litinin, 13 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Na shiga har bakin gado na gaishe shi. Ya tambayi Gwaggo ko an ce za a yi ruwa gobe.

Talata, 14 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Haka. Yau zancen fanka ya yi. Saura bakwai.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe 6:50 na yamma

Kawu Dogo ya zo. Ya ranƙwafa, yana dogara sanda, amma har yanzu sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Da ya fito daga wurin Baba ya zauna kusa da ni a benci ya ce, 'yata, an ce kin wanke mai tumbi tas. Ya ce ya ji daɗi, don mutumin marowaci ne, amma ba a kan laifinsa na zage shi ba.

Na tambayi abin da yake nufi. Ya ce buhun nan Baba ne ya kawo shi. Asalin labarin babu buhu. An ɗauke shi ne ya tsaya a bayan ango kawai a yi dariyar tsawonsa. Baba ya ce shi ba zai tsaya a yi masa dariya don an haife shi ba, in za a yi dariya sai ya yi aikin da ya jawo ta. Ya je gida ya yi kwana uku yana koyon fitowa daga buhu: hannu ɗaya tukuna, ya lalubi ƙasa, ya koma, sannan hula, sannan ido. Randa ma tasa ce. Kwandon kaji ma.

Na ce duk da haka, ɗauka ɗauka ce.

"Shekara talatin da huɗu ana ganina ina ɗaukarsa," ya ce, "ban taɓa ɗaukarsa ba."

Ya miƙo hannunsa ya nuna mini wuyan hannu. Ya ce in lokaci ya yi, Baba zai taɓa shi nan da yatsa sau biyu, sannan ya yi tsalle. Shi yake hawa, shi yake rarraba nauyinsa, shi yake zaɓar inda zai faɗi. Kawu hannu kawai yake bayarwa. In bai ji yatsan nan ba, ko darakta zai fasa maƙogwaro ba ya motsi. Kowane sabon ma'aikaci ranar farko ake gaya masa wannan, kafin a nuna masa inda ake shan ruwa. Wata rana wani baƙon mai kuɗin fim ya sure shi don a yi musu hoto. Baba ya sauka ya kaɗe riga ya tafi gida, aka yi kwana uku kyamara tana rufe, sai da mutumin ya je har gida ya durƙusa.

Da ya tsaya nan da na gode.

Ya ce maƙalata ma sun ji ta. Baba ya gane ni ce tun sakin layi na farko. Ya zo da mujallar wurin aiki, ya tara kowa lokacin cin abinci, ya hau kan akwatin fitila ya karanta musu daga farko har ƙarshe. Da ya gama ya ce, "Kun ji yadda 'yata take zagina? Ko waƙafi ɗaya ba ta ɓata ba." Ya sa aka tafa mini.

Da zai tafi ya ce kada in ji a bakin wani: shi, Kawu, Baba ya zaɓa ya sa hannu a takardar tiyata, a gurbin dangi na kusa.

Alhamis, 16 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Na sake kallo, wannan karon hannu nake bi. Yana nan. Na uku, na goma sha ɗaya, na ashirin da bakwai, na hamsin. Yatsa sau biyu, a gefen hoto, inda ba wanda zai duba. A wani wurin har yana ihu yana roƙon a ƙyale shi, yatsan kuma yana ba da umarni.

Duk duniya mutum biyu ne suka ɗauki Baba bai ce a ɗauke shi ba. Ɗayan ya durƙusa a kwana na uku.

Juma'a, 17 ga wata, ƙarfe 9:15 na safe, a ofis

Na faɗa a taron safe. Na ce mutumin da ya zo ranar kyaututtuka mahaifina ne, ba shi da lafiya, kuma abin da suka gani ba wasa ba ne, rashin kunya ne, ni na yi. Jimla uku. Wata a layin baya ta yi dariya don ta ɗauka ci gaban wasan ne, ta ga ba wanda ya taya ta, ta haɗiye. Na sallame su suka tafi aji. Malamin lissafi ya tsaya yana kallon takalminsa kamar yau ya saye shi.

Juma'a, ƙarfe 6:30 na yamma

Na kai hular, na gaya wa Gwaggo abin da na yi a makaranta. Ta karɓa ta busa ƙurar ta ce, to, yanzu lambar yabo kike so ko kofi? Ta ce shi ba a gaban yaran yake kwance ba.

Gaskiyarta. Na tsara jimlolin nan uku tun asuba, har na canza kalma ɗaya don ta fi daɗin faɗa. Ko kunyata sai na yi mata gyaran rubutu.

Lahadi, 19 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Tun hantsi mutane suke shiga. Masu kyamara, masu kwalliya, matar da ta goye shi a fim ɗin nan, yanzu da jikoki. Nas ta gaji da korarsu ta ƙyale. Ina benci, taga a buɗe, ina jin komai. Kowa in zai fito sai ya ce a yafe masa, Baba ya ce ya yafe, shi ma a yafe masa, sannan ya bi shi da tsiya don kada a yi kuka. Mai tumbi ya zo da kwalin madara. Baba ya ce ya yafe masa ranar da ya bar shi cikin randa awa uku ya tafi cin abinci, amma bai yafe masa madarar nan ba, don ya san ta kusa lalacewa ne ya kawo.

Da mai tumbin ya fito ya gan ni, ya gaishe ni da mutunci. Na so ƙasa ta tsage.

Na ƙirga mutum ashirin da shida. Duk an yafe musu.

Litinin, 20 ga wata, ƙarfe 6:45 na yamma

Ƙarfe biyar Gwaggo ta fito ta ce ana kira. Ba ta ce wa ake kira ba, na waiga babu kowa a bencin sai ni. Ta tsaya a waje ta ja ƙofa.

An aske masa gemu saboda gobe. Rabona da ganin haɓarsa tun ina yarinya. Na durƙusa a gefen gado. Duk abin da na shirya cikin kwana goma sha takwas ya gudu, na ce kawai, Baba ka yafe mini.

Bai kalle ni ba, silin yake kallo. Ya ce tun ina 'yar shekara goma na fara wuce shi a hanya in za mu kasuwa, ya ce wa kansa ƙafafuna ne suka yi tsawo. Da na shiga sakandare na ce ya riƙa tsayawa a bakin titi in ya zo ziyara, ya ce ƙuruciya ce. Da na tafi jami'a ya ce karatu zai gyara. Da na yi aure ya ce haihuwa za ta gyara. Ya ce shi mai gyaran agogo ne, ya saba jira.

Na ce ban yi don in kare shi daga yaran ba. Na ce kunya ce. Ya ce ya sani, ai a hannuna yake, ya ji yadda zuciyata take bugawa.

Na sake cewa ya yafe mini.

"A'a," ya ce.

Na ɗago.

"Waɗannan da kika ga suna fita jiya, duk wanda na yafe wa na gama da shi. In na tafi gobe ba mu da sauran zance. Ke ban gama ba. Ina da magana da ke mai tsawo, a kan abin da kika yi da abin da kika faɗa a ofis, kuma ba zan yi ta a kwance ba. Sai na tsaya da ƙafata."

Na ce likita ta ce ba a san yadda barcin zai kasance ba.

"Ita likita ba ta san ina da faɗa a gabana ba. Tashi ki je, kin tsare mini iskar fanka."

A bakin ƙofa Gwaggo ta dubi fuskata ta tambaya ko ya yafe. Na ce ya ƙi. Ta ce alhamdu lillahi, ta shiga.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe 8:10 na safe

Sun tura shi. Ya wuce ta gabana a kan gado mai taya, yana gaya wa mai turawar ya rage gudu, ba tasi ba ce. Bai kalle ni ba.

Talata, ƙarfe 11:30 na safe

Shiru. Kawu Dogo yana jan carbi. Gwaggo ta naɗe tawul ɗaya sau shida.

Talata, ƙarfe 2:15 na rana

Wata nas ta fito da gudu ta koma da wani akwati. Ba ta kalle mu ba. Ban iya addu'a mai tsari ba. Abin da nake ta maimaitawa shi ne, bai gama ba, bai gama ba.

Talata, ƙarfe 4:40 na yamma

Likita ta fito. Kawu ta nema, tunda shi ya sa hannu, ni ina tsaye a bayansa ina sauraro. An sha wahala da bututun. An gama. Bai farka ba tukuna, sai gobe za a san ƙafafun.

Laraba, 22 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Ya farka da hantsi. Yatsun dama suna motsi, na hagu likita ta ce a ba su lokaci. In komai ya tafi daidai, mako shida kafin a gwada tsayar da shi.

Sai la'asar aka bar mu muka shiga. Muryarsa ta dushe, leɓensa a bushe. Ya amsa wa Gwaggo, ya amsa wa Kawu. Na gaishe shi daga ƙarshen gado. Ya lumshe ido, ya yafito Kawu da yatsa, Kawu ya sunkuya har ƙasa ya kara kunne.

Kawu ya miƙe ya ce, "Ya ce a gaya wa matar nan ta zauna. Tsayuwarta tana sa shi ɗaga wuya, kuma an hana shi."

Babu kujera. Na zauna a ƙasa, a kan siminti, da kayan ofis a jikina. Har aka kaɗa ƙararrawar fitar baƙi bai ƙara cewa komai ba, bai kuma ce in tashi ba.

Mako shida.